Wa Ya Fi Kowa a Kan Ƙanƙara?

 

Yau ba Firimiya za mu leƙa ba, ba kuma dambe ko kokawa ba. Yau kowa ya nemo rigar sanyinsa, domin kan ƙanƙara za mu hau. Za mu yi maganar wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda ake kira hoki. Tambayarmu guda ce. A wannan zamani, wane ne gwanin gwanaye a wasan? Wa kuma ke bi masa?

Na san wani zai ce, haba malam, mu da ƙanƙarar da muka sani ta cikin zoɓo ce, ina ruwanmu? Yi haƙuri ka ara mini kunnenka. Musun da za ka ji yau, irin wanda kuke yi ne a majalisa kan Messi da Ronaldo. Sunaye ne kawai suka bambanta.

Ga abin da ya tayar da maganar. Ranar 6 ga Afrilu, 2025, a jihar New York ta Amurka, wani ɗan ƙasar Rasha mai suna Alexander Ovechkin ya ci ƙwallonsa ta 895 a gasar NHL. NHL ita ce babbar gasar hoki ta duniya, ta ƙungiyoyin Kanada da Amurka. Da wannan ƙwallo ya zarce Wayne Gretzky na Kanada, wanda ya shafe shekara 31 yana riƙe da kambun wanda ya fi kowa cin ƙwallo. Aka tsayar da wasa. Gretzky da kansa ya sauko fili ya miƙa masa hannu. Nan take musu ya ɓarke. Wasu suka ce sarauta ta koma Rasha.

Ni kuwa na ce a'a. Zan faɗi dalilina. Amma bari mu fara da yadda ake wasan, saboda wanda bai taɓa gani ba.

Fili ne na daskararriyar ƙanƙara, an kewaye shi da katanga. Kowane ɓangare mutum shida ne, har da mai tsaron raga. Takalminsu yana da ƙarfe mai kaifi a ƙasa, a kansa suke sulɓi. Ƙwallon tasu ba mulmulalliya ba ce. Wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri, bai kai tafin hannu ba. Da sanda mai lanƙwasa a baki ake kora shi. Raga ƙarama ce, mai tsaronta kuma ya sha sulke kamar dokin lifidi. Ana wasa zango uku, kowane zango minti 20. Gudun yana da tsanani, har ɗan wasa ba ya cika yin fiye da minti ɗaya a fili sai ya fita wani ya shigo, ba tare da an tsayar da wasa ba. Kuma an halatta bangaza. A nan ana haɗa mutum da katanga, alƙalin wasa yana kallo.

Abu ɗaya nake so ku riƙe. A hoki, ana ba ɗan wasa maki ɗaya in ya ci ƙwallo. Ana kuma ba shi maki ɗaya in shi ya miƙa aka ci. Da jimlar waɗannan maki ake gane zakaran kaka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, da wane mudu za mu auna? Muduna guda ne. A auna mutum da tsaransa. A duba irin ratar da ya ba waɗanda suka taka ƙanƙara ɗaya da shi, a zamani ɗaya, da doka ɗaya. Ba zan tambaya ko Gretzky zai iya da matasan yau ba. Zamani riga ne, kowa da tasa. Sandar yau ba ta jiya ba ce, sulken masu tsaron raga ya ƙaru, horo ya canja. Abin da za a iya aunawa shi ne rata. A auna mutum da tsaransa.

Sai kuma iyakar zamani. In masana wasan suka ce wannan zamani, yawanci daga 1967 suke farawa. A shekarar ce gasar ta tashi daga ƙungiya shida zuwa goma sha biyu. Saboda haka dattijo Gordie Howe, wanda ya yi wasa har yana da shekara 52, tare da 'ya'yansa biyu a ƙungiya ɗaya, mun ajiye shi gefe da girmamawa. Ganiyarsa ta riga wannan iyaka. Haka kuma zaratan Tarayyar Sobiyet irin su mai tsaron raga Vladislav Tretiak. Ƙasarsu ba ta bar su sun shiga NHL a lokacin ƙuruciyarsu ba. Duk jerin da aka yi da alƙaluman NHL ya ci haƙƙinsu, har da nawa. Gara in faɗa da bakina.

Yanzu sai mu shiga jerin. Ba zan ja muku rai ba. Na ɗaya Wayne Gretzky ne.

An haife shi a 1961 a wani gari mai suna Brantford a Kanada. Mahaifinsa Walter yakan malala ruwa a bayan gida lokacin hunturu, ruwan ya daskare ya zama fili. A nan yaron ya koyi wasa. Da ya girma, ba ƙato ba ne. Siriri ne. Akwai waɗanda suka fi shi gudu, akwai waɗanda suka fi shi ƙarfin bugu. Abin da ya fi kowa da shi ido ne da lissafi. Kafin ƙwallo ta isa wuri, ya riga ta isa. Yakan laɓe a bayan ragar abokan hamayya, inda wasu ba su ɗauka da muhimmanci ba, daga nan yake raba ƙwallo. Har aka sa wa wurin suna ofishin Gretzky.

Kun tuna maganar maki? To ga inda take. A ce an share duk ƙwallayen da Gretzky ya ci a rayuwarsa, a ce bai taɓa jefa ko ɗaya a raga ba. Waɗanda ya miƙa aka ci kaɗai, su 1,963, sun fi jimlar makin kowane ɗan wasa a tarihin gasar. Mai bi masa, Jaromir Jagr na Jamhuriyar Czech, maki 1,921 gare shi, ci da miƙawa duka a haɗe. Bari in maimaita, don magana ce mai wuyar shiga kai. A cire masa ƙwallayensa duka, har yanzu shi ne a gaba.

Sau tara aka zaɓe shi ɗan wasan da ya fi kowa amfani a gasar, takwas daga ciki a jere. Ya ɗauki Kofin Stanley sau huɗu da ƙungiyar Edmonton Oilers. Kofin Stanley shi ne burin kowane ɗan hoki. Ranar da aka sayar da shi ga Los Angeles Kings a 1988, ya yi kuka a gaban 'yan jarida, Kanada ta yi kamar an yi mutuwa. Har wani ɗan majalisar dokoki ya nemi gwamnati ta hana cinikin. Da ya ajiye sanda a 1999, aka hana kowa a gasar sake sa lambarsa, 99.

Yanzu bari mu ji masu suka, domin suna da abin cewa. Suna cewa a shekarun 1980 ƙwallo araha take. Masu tsaron raga a tsaye suke tsaro, sulkensu ƙarami. Suna cewa yana tare da zaratai irin su Mark Messier da Jari Kurri da Paul Coffey. Suna tuna mana cewa Edmonton ta sake ɗaukar kofi a 1990 ba tare da shi ba, shi kuwa bai ƙara ɗauka ba bayan ya bar ta. Duk gaskiya ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma ina tambaya. Masu tsaron ragar nan da ake rainawa, Gretzky kaɗai suka tsare wa raga? Ai kowa da su ya kara. Me ya hana sauran su yi abin da ya yi? A kakar 1985 zuwa 1986 ya tara maki 215. Na biyu a wannan kaka ya tsaya a 141. Ratar ke nan. A auna mutum da tsaransa.

Saboda haka na ɗaya ba musu. Musun gaske yana kan na biyu. A nan ne abokai suke ɓatawa. Mutum biyu ne ke neman kujerar, Bobby Orr da Mario Lemieux. Dukansu 'yan Kanada ne. Dukansu kuma jiki ne ya ci amanarsu.

Mu fara da Lemieux. Ɗan Montreal ne, daga yankin masu magana da Faransanci. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, ga hannu mai laushi. Ya shiga Pittsburgh Penguins a 1984, lokacin ƙungiyar tana can ƙasan teburi. Bugunsa na farko a wasansa na farko, raga ya faɗa. Shi ne mutumin da ya fi kowa kusantar Gretzky, har ya taɓa tara maki 199 a kaka ɗaya. Ya kai Pittsburgh ga kofi sau biyu a jere, 1991 da 1992. Ya yi wannan ne da ciwon baya mai tsanani, wanda wani lokaci sai an ɗaura masa igiyar takalmi, don ba ya iya sunkuyawa.

Sai ga jarrabawa mafi girma. A watan Janairun 1993, likitoci suka ce yana da ciwon daji. Ya bar wasa, ya shiga gashi na makonni. Ranar 2 ga Maris ya yi gashinsa na ƙarshe da safe. Ya hau jirgi ya nufi Philadelphia. Da dare yana kan ƙanƙara. Ya ci ƙwallo ɗaya, ya miƙa aka ci ɗaya. Mutanen Philadelphia, waɗanda ba sa ga maciji da Pittsburgh, suka miƙe tsaye suna tafa masa. Jama'a, a wannan kakar da ya yi jinya, shi ne ya ƙare a zakaran maki. Ya tarar da wanda ya wuce shi lokacin da yake kwance, ya kamo shi, ya bar shi a baya.

Labarinsa bai tsaya nan ba. Ya yi ritaya a 1997. Ƙungiyar ta faɗa cikin bashi har ta durƙushe, shi kansa yana bin ta miliyoyin daloli na albashi. Sai ya mayar da bashin hannun jari, ya haɗa kai da wasu suka saye ta a 1999. Ƙarshen shekarar 2000 kuma ya sake ɗaura takalmi. Mai ƙungiya ne, ɗan wasanta ne.

Masoyansa suna cewa, da a ce yana da lafiya, da ya shafe tarihin Gretzky. Mai yiwuwa ne. Amma da a ce ba ta cika mudu. Abin da aka yi shi ake aunawa.

To, Bobby Orr fa? Shi ɗan baya ne. Ku lura da wannan, ɗan baya. Kafin zuwansa Boston Bruins a 1966, aikin ɗan baya sananne ne. Ka tare, ka ƙwace, ka miƙa wa na gaba, ka koma wurinka. Orr ya ƙi zama. Yakan ɗauki ƙwallo daga bayan ragarsu, ya keta fili daga wannan kai zuwa wancan, ya ci, ko ya ba wani ya ci. In ƙwallo ta kuɓuce, kafin a ankara ya dawo gida. Sau biyu ya zama zakaran maki na gasar baki ɗaya. Babu wani ɗan baya da ya taɓa yin haka ko sau ɗaya, kafinsa ko bayansa. Masu kallon ƙwallon ƙafa, ku ƙaddara mai lamba biyar ya ɗauki takalmin zinare, kuma har sau biyu. Shekara takwas a jere shi ne gwarzon 'yan baya.

Akwai wani hoto da duk mai son hoki ya sani. Ranar 10 ga Mayu, 1970, wasan ƙarshe na Kofin Stanley tsakanin Boston da St. Louis, an shiga ƙarin lokaci. Daƙiƙa 40 da farawa, Orr ya ci. Yana ci, ɗan bayan St. Louis ya taɗe shi da sanda. Aka ɗauke shi hoto yana shawagi a iska, hannuwa a miƙe, baki a buɗe don murna. Boston ta ɗauki kofin da ta yi shekara 29 tana nema. Yau akwai gunkinsa a wannan siffa a ƙofar filin wasan birnin.

Sai gwiwa ta ƙi. Tiyata bayan tiyata, har gwiwar hagu ta gama lalacewa. Ya ajiye sanda a 1978 yana da shekara 30 kacal.

Wa zan ba kujerar? Ni dai Orr na ba. Na san na ɓata wa mutanen Lemieux rai, kuma labarin jinyarsa ya fi taɓa mini zuciya. Amma mu koma ga mudunmu. Lemieux a zamaninsa yana da tsara, har ma da wanda ya fi shi, wato Gretzky. Orr a matsayinsa ba shi da na biyu. Bugu da ƙari, Lemieux ya tarar da wasa ya gwanance a kansa, Orr kuwa ya tarar da wasa ya sauya masa fasali. Duk ɗan bayan da ka gani yau yana kutsawa gaba da ƙwallo, hanyar da Orr ya share yake bi. Saboda haka Orr na biyu, Lemieux na uku. Ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi ba.

Yanzu mu gangaro ga 'yan baya-bayan nan. Sidney Crosby da Ovechkin tare suka shigo gasar a 2005. Tun daga ranar ake haɗa su kamar kishiyoyi.

Ovechkin maharbi ne. In aka kori ɗan wasan abokan hamayya na minti biyu saboda laifi, sai ya je ya tsaya a gefen hagu na raga. Kowa ya san inda zai tsaya. Mai tsaron raga ya sani, mai horarwa ya sani, ɗan kallo ma ya sani. Duk da haka ƙwallo sai ta shiga. Daga wannan wurin ya ci ta 895 ɗin. Kuma ya ci nasa ne a zamanin da raga ta yi tsada, masu tsaronta sun zama ƙatti, sun iya durƙusawa su toshe ƙasa. Abin mamaki, a wasansa na 1,487 ya kafa tarihin, daidai adadin wasannin da Gretzky ya buga a gasar. In maganar jefa ƙwallo a raga ce kawai, na sallama, babu kamarsa. Amma a jimlar maki, ranar da ya karɓi kambun, Gretzky yana gabansa da fiye da 1,000. Kofin Ovechkin ɗaya ne, na 2018 da Washington Capitals.

Crosby kuwa komai yana yi. Yana ci, yana miƙawa, yana komawa tsaro, yana jan ragamar 'yan'uwansa. Da ya zo Pittsburgh yana matashi, a gidan Lemieux ya zauna. Yana da shekara 21 ya ɗaga kofi a matsayin kyaftin, ya ƙara biyu a 2016 da 2017. Ya yi fama da buguwar kai da ta kusa raba shi da wasa, ya dawo. Na sa Crosby na huɗu, Ovechkin na biyar. In kana neman wanda zai ci maka ƙwallo ɗaya, kira Ovechkin. In ƙungiya za ka gina, Crosby za ka nema.

A nan bari in ɗan ratse, don akwai abin da ya shafe mu. A gasar Olamfik ta hunturu ta 2010 a Vancouver, Kanada ta kara da Amurka a wasan ƙarshe, aka shiga ƙarin lokaci. Crosby ne ya ci ƙwallon da ta ba Kanada zinare. Wa ya miƙa masa? Jarome Iginla. Mahaifin Iginla ɗan Najeriya ne da ya yi ƙaura zuwa Kanada. Shi Iginla ya daɗe yana kyaftin ɗin Calgary Flames, ya ci ƙwallo fiye da 600 a NHL. Ashe ƙanƙarar ba ta yi mana nisan da muke zato ba.

Saura ƙorafi biyu, kuma zan amsa su a gurguje.

Na farko, ina masu tsaron raga? Gaskiya jeri irin wannan yakan zalunce su, don aikinsu hanawa ne, ba a ƙirga shi da maki. Da zan sa ɗaya, Dominik Hasek na Jamhuriyar Czech zan sa. Sau biyu a jere aka zaɓe shi ɗan wasan da ya fi kowa amfani a gasar, abin da wani mai tsaron raga bai taɓa yi ba. A Olamfik ta 1998 a Nagano ta Japan, aka je bugun raba gardama da Kanada. Mutum biyar suka gwada shi, babu wanda ya ci. Gretzky yana zaune a benci, ba a ma zaɓe shi cikin masu bugun ba. Har gobe 'yan Kanada ba su huce ba.

Na biyu, ina Connor McDavid, tauraron Edmonton na yanzu? A gudu da ƙwallo, ban ga kamarsa ba. Ratar da yake ba tsaransa tana tuna wa dattawa zamanin Gretzky. Ya kai wasan ƙarshe na Kofin Stanley a 2024 da 2025, Florida Panthers ta doke su duka biyun. Ku ji fa, Florida, jihar zafi da bakin teku. Wannan ma akwai hannun Gretzky a ciki, don komawarsa Los Angeles ce ta taimaka wajen buɗe wa wasan kasuwa a kudancin Amurka. McDavid dai yana tsakiyar tafiya. Ba a yi wa mai tafiya hisabi sai ya sauke kaya. Amma in akwai wanda zai rusa mini wannan jeri, shi ne.

Wani zai ce huɗu cikin biyar ɗina 'yan Kanada ne, ko na karɓi goro ne? Ban karɓa ba. In ɗan Rasha ne ke wannan sharhi, ko ɗan Suwidin mai alfahari da Nicklas Lidstrom, wataƙila ku ji wani jerin dabam. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ni ba ni da gida a wannan musu, mudu kawai na riƙe. A auna mutum da tsaransa. Da shi na samu Gretzky a gaba, sai Orr, sai Lemieux, sai Crosby, sannan Ovechkin.

Masu sauraro, gani ya kori ji. Wanda ke da waya da ɗan data, ya nemi bidiyon ƙwallon Orr ta 1970. Ya nemi kuma wasan ƙarshe na Kofin Kanada na 1987, inda Gretzky ya miƙa wa Lemieux ƙwallon da suka doke Tarayyar Sobiyet da ita, su biyun cikin riga ɗaya. Ku kalla da idonku. Wanda ya ga na zalunci Lemieux ko Ovechkin, ya aiko mana da nasa jerin da hujjarsa, za mu karanta a wannan fili.